FATAUCIN MUTANE: DARASI DAGA HAƊIN KAN MAJAMI'U

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi



 Malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe.

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni shekaru da sani a cikin wannan ɗaki. An nemi in yi magana a kan fataucin mutane, ni kuma na roƙi a bar ni in ɗauki maganar ta wata fuska, wato yadda majami'un Kirista a wasu wurare suka haɗa kai don tsare jama'arsu daga wannan bala'i, da abin da mu mutanen Kebbi, Musulmi da Kirista, za mu koya daga gare su. Na san wani zai ce a ransa, me ya kai Musulmi zancen coci? Amsa ita ce, a makarantar nan aka koya mana cewa idan ɗan ajinku ya gano hanyar warware lissafi, ba a tambayar inda yake ibada kafin a leƙa littafinsa.

MENE NE FATAUCIN MUTANE?

Da farko ya kamata mu bambanta abubuwa biyu da ake yawan gauraya su. Akwai mai tsallakar da mutum kan iyaka ta ɓarauniyar hanya, a biya shi kuɗinsa, kowa ya kama gabansa. Wannan laifi ne, amma ciniki ne da ke ƙarewa a bakin iyaka. Shi kuwa fataucin mutane, mutumin ne kansa hajar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a birnin Palermo na ƙasar Italiya a shekarar 2000 ta bayyana shi da abubuwa uku: a ɗauki mutum ko a yi jigilarsa ko a ɓoye shi, a yi hakan ta hanyar yaudara ko tilas ko barazana ko sayen yardar wanda ke da iko da shi, sa'an nan manufar ta zama ci da guminsa, ko ta karuwanci, ko aikin bauta, ko bara, ko cire masa wani sashen jiki. Idan kuwa yaro ne wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ma bukatar a tabbatar da yaudara ko tilas. Ko da iyayensa sun yarda, laifi ya tabbata.

Ku lura, 'yan'uwa, babu inda aka ce sai an tsallake iyaka. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo ta birni aikatau, ana biyan kuɗin aikinta ga dillaliya, ita ba makaranta, ba hutu, ba hanyar komawa gida, tana cikin wannan bayani. A nan Nijeriya an kafa dokar hana fataucin mutane a 2003, wadda ta haifar da hukumar NAPTIP, bayan fafutukar ƙungiyar WOTCLEF da Hajiya Titi Abubakar ta kafa a 1999. An sake dokar a 2015, kuma a cikinta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne masu 'yan aiki a gida, saboda haka wannan magana ta shafe mu tun kafin mu fita ƙofa.

TA INA ABIN YA SHAFE MU?

Mun daɗe muna jin wannan labari kamar na mutanen kudu ne, musamman jihar Edo da 'yan matanta da ake kaiwa Italiya. Gaskiya ne abin ya yi tsanani a can. Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga matan Nijeriya 1,454 da suka isa Italiya ta teku a 2014, amma a 2016 adadin ya haura 11,000, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu fataucin mata. To amma ta ina suka bi? Ta ƙasar Hausa suka ratsa, suka shiga Nijar, suka nufi Agadas, daga nan sai hamada har Libiya, inda a watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna wa duniya ana gwanjon mutane kamar awaki.

Mu dubi taswirar jiharmu. Daga Birnin Kebbi, ka bi Kalgo da Bunza, sai ga ka a Kamba, daga nan Gaya ta Nijar tana kusa. Daga Argungu ka nufi Kangiwa da ƙasar Arewa, ba ka san lokacin da ka fita Nijeriya ba, domin harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne. Ta wajen Bagudo kuma muna iyaka da Jamhuriyar Benin, ga kuma kogin Kwara da jiragen ruwa ke bi dare da rana. Jiha ce mai iyaka da ƙasashe biyu, kuma ga kowace ƙofa ta hukuma akwai hanyoyin babur da na jaki da ba su ƙirguwa. Wannan ni'ima ce ga ɗan kasuwa da mai zumunci, ita ce kuma ni'imar mai safarar mutane.

Har ila yau, mu ba hanya kaɗai ba ne, ana ɗiba daga cikinmu. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance na ƙasar Damagaram, Hausawa irinmu, waɗanda aka saba ɗauka zuwa Aljeriya don bara. A ƙasar Ƙwanni, maƙwabciyar Illela, an sayar da wata yarinya mai suna Hadijatu Mani a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa 240,000, da sunan wahaya, wato mace ta biyar da ba aure ba ne ke tsakaninta da ubangidanta. Sai a watan Oktoba na 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A 2019 hukumar NAPTIP ta ce ta ƙiyasta 'yan matan Nijeriya kusan 20,000 ne ke maƙale a ƙasar Mali, an yaudare su da alkawarin aiki. Ga kuma tsohuwar hanyar da muka fi sani, ta ɗaukar mata da yara da nakasassu zuwa Saudiyya da sunan Umra ko aikin gida, a karɓe musu fasfo, a ɗora musu bashin da ba ya biyuwa.

Abubuwan da ke tura mutane cikin wannan rami kuwa suna gabanmu. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun Kebbi, magidanta suka wayi gari da bashi ba amfanin gona. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasar Zuru da Yawuri, musamman Danko-Wasagu da Sakaba. Uwar da ke gudun hijira da yara shida, idan wata mai zane mai tsada ta ce ta ba ta biyu ta riƙe mata a birni, da wane baki za ta ƙi?

DA ƊAN GARI AKAN CI GARI

Yanzu na zo kan abin da nake so ku tafi da shi gida. Mai fataucin mutane ba ya zuwa da bindiga, kuma ba baƙo ba ne. Yakan zo a matsayin goggo, ko ƙanin uba, ko maƙwabciyar da ta dawo daga ƙasar waje ta gina gida, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, ko wadda kuke zumuntar mata ɗaya a coci. Jarinsa shi ne amana. Kissar Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tana cikin Alƙur'ani tana kuma cikin Littafi Mai Tsarki na 'yan'uwanmu Kirista. Akwai bambanci a wasu wurare na ruwayoyin biyu, amma sun haɗu a kan cewa an sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan an kai shi Masar, kuma makircin daga cikin gida ya taso, daga 'yan'uwansa.

Ba da daɗewa ba wata baiwar Allah a unguwarmu ta nan Nasarawa ta kawo mini takardun tafiyar 'yarta in duba mata, saboda ta san ni ma'aikacin gwamnati ne. An ce za a kai yarinyar aikin gida a wata ƙasar Larabawa, ba sai sun biya ko kwabo ba. Na tambaye ta sunan wanda za a yi wa aikin, ba ta sani ba. Na tambayi garin, ba ta sani ba. Nawa ne albashi, kuma wata nawa za a yi ana cire kuɗin jirgi? Ta ce an ce kada ta damu. Da na ce mata akwai haɗari, sai ta dube ni ta ce, ai matar da ta kawo hanyar tare suke zuwa Islamiyya. Maganata ba ta shige ta ba sai da muka je wurin limamin unguwa ya yi mata irin tambayoyin da na yi, da irin kalmomin da na yi amfani da su. Daga bakinsa ta ji, yarinyar kuma tana nan a gida.

Wannan ya nuna mana iyakar ƙarfin hukuma. Jami'in shige da fice yana ganin yarinya ne a bakin iyaka, bayan an riga an koya mata abin da za ta faɗa. Ɗan sanda yana jin labari ne bayan ta ɓace. Amma liman da fasto suna nan tun ranar da aka fara raɗe-raɗin tafiyar, su ake kai wa a yi addu'ar sa'a. Abin da aka ƙulla da amana, wanda aka amince wa ne kaɗai zai iya kwance shi. Majami'un da zan ba ku labarinsu, wannan suka gane.

ABIN DA MAJAMI'U SUKA YI

A ƙarshen shekarun 1990, matan zuhudu na ɗariƙar Katolika a Italiya, waɗanda muke kira sistoci, suka lura cewa 'yan matan da ke tsaye a bakin tituna da dare da yawansu 'yan Nijeriya ne. Suka buɗe musu gidajensu. Amma sai suka ga cewa yarinya ba ta iya gudu ko da an buɗe mata ƙofa, saboda abu biyu: bashin da aka ɗora mata, wanda yakan kai Yuro 30,000 ko fiye, da kuma rantsuwar da aka sa ta yi a gidan tsafi kafin ta bar gida, cewa in ta tona asiri za ta mutu ko ta haukace, ko wani abu ya sami iyayenta. Maganin wannan yana Nijeriya. Saboda haka suka nemi 'yan'uwansu na nan.

A 1999 ƙungiyoyin sistoci daban-daban na Nijeriya, waɗanda kowace ke da nata shugabanci da nata aiki, suka haɗu suka kafa kwamiti guda a birnin Benin, wanda aka sani da COSUDOW, don kare mutuncin mata. Aikinsu a bayyane yake. Idan yarinya ta kuɓuta a Italiya, sistocin can su aiko da labari, na nan su nemo iyayenta, su faɗa musu gaskiya, su taimaka a kare su daga barazanar masu bin bashi. Idan ta dawo su tarbe ta, su ba ta masauki, su koya mata sana'a, su sasanta ta da danginta. A 2007 aka buɗe musu gidan karɓar waɗanda suka dawo a Benin, da taimakon bishop-bishop na Italiya. Bugu da ƙari suna shiga makarantu da kasuwanni da majami'u suna faɗakarwa. A 2009 irin waɗannan ƙungiyoyi na ƙasashe daban-daban suka haɗu a ƙarƙashin inuwa guda mai suna Talitha Kum, wadda aikinta ya kai ƙasashe fiye da 90. Dabarar ita ce, tun da masu laifin suna da mutum a garin da aka ɗauko yarinya, da mutum a hanya, da mutum a inda aka kai ta, to masu ceto ma sai sun sami mutum a kowane zango.

Daga nan haɗin kan ya wuce ɗariƙa ɗaya. A 2014 aka kafa ƙungiyar Santa Marta, wadda ta zaunar da bishop-bishop da shugabannin 'yan sanda na ƙasashe a teburi guda. A ranar 2 ga Disamba na wannan shekara, marigayi Fafaroma Francis da Justin Welby, shugaban ɗariƙar Angilika na lokacin, tare da wakilin Shehin Azhar da malaman Shi'a daga Iraƙi da shugabannin wasu addinai, suka sa hannu a kan sanarwa guda ta yaƙi da bautar zamani. A Ingila kuma, a 2018, cocin Angilika da na Katolika suka haɗu suka fitar da wata manhajar waya da mai zuwa wankin mota zai yi amfani da ita ya ba da rahoto idan ya ga alamun ana bautar da ma'aikatan wurin. Wato sun mayar da talakan da ke zuwa coci ran Lahadi ya zama ido.

Sai dai kada in ba ku rabin labari. Wa'azin coci shi kaɗai bai karya tsoron rantsuwar nan ba. A ranar 9 ga Maris, 2018, Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara masu tsafin ƙasarsa, ya warware duk rantsuwar da aka ɗora wa 'yan matan, ya kuma la'anci duk wanda ya sake ɗora wa wata. Abin da sista ta kasa, sarki ya yi. Abin da sarki ba zai iya ba, wato zama da yarinya wata da watanni har hankalinta ya dawo, sista ta yi. Hukuma kuma ta kama ta gurfanar. Kowa da nasa gefen jinkar. Ban ce an gama da matsalar a Edo ba, amma an rage wa masu laifin wani babban makami.

TO MU FA?

Muna da duk kayan aikin da suke da shi, har da ƙari. Muna da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da hakimai da dagatai da masu unguwanni har ƙasa. Muna da Jama'atu Nasril Islam tun 1962, da ƙungiyar Kiristoci ta CAN tun 1976, wadda ta haɗa Katolika da Angilika da ECWA da UMCA da sauransu. A matakin ƙasa akwai majalisar tuntuɓar juna tsakanin addinai da aka kafa a 1999, wadda Mai Alfarma Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta tare. Hujjar addini ma ba mu rasa ta ba. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisi ƙudusi da ya ambaci mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Ɗaya shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, wani kuma shi ne wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Biyu cikin uku ke nan sun faɗa kan maganarmu ta yau.

Abin da ya rage mana shi ne yarda da juna, kuma gara mu faɗi wannan a fili tun da a gida muke. Musulmi yana tsoron idan yarinyarsa ta shiga hannun coci da sunan ceto za a canja mata addini. Kirista, musamman na ƙasar Zuru, yana tsoron idan 'yarsa ta zo aikatau gidan Musulmi ba za ta koma da addininta ba. Wannan zargi yana da tarihi. Bayan Turawa sun ci ƙasar nan sun buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, daga baya a 1909 aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha, a bakin kogin Binuwai, inda aka rene su a kan addinin masu gidan. An ceci rayuka, an kuma bar tabo a zukata. Mai fataucin mutane yana jin daɗin wannan zargi ƙwarai, domin muddin liman da fasto ba sa magana, dillaliyar da aka gane ta a wannan unguwa sai ta koma waccan ta ci gaba da sana'arta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka sharaɗi na farko na kowane haɗin kai shi ne wannan: duk yaron da aka ceto, a mayar da shi ga iyayensa da shugaban addininsa, kuma a yi hakan da sanin hukuma da mai unguwa. Babu mai yin wa'azi a kan wanda ke cikin halin ƙaƙa-nika-yi. Idan aka rubuta wannan aka tsaya a kansa, sauran mai sauƙi ne. Kuma ƙasar nan ta san sulhu. Kabawa da Sakkwato sun shafe kusan ƙarni guda suna gaba, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, bikin da ya zama abin alfaharinmu a duniya. Waɗanda suka ajiye takobi ba za su kasa zama a kan tabarma ɗaya don 'ya'yansu ba.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYARMU

Me ya sa na kawo wannan magana nan, ban kai ta ofis ba? Dalili kuwa shi ne, irin amanar da ake nema tana cikin ɗakin nan. Mun kwana ɗaki ɗaya, mun ci a kwano ɗaya, 'yan MSS suna nasu taro 'yan FCS suna nasu, da an tashi kuma sai filin ƙwallo. Yau a cikinmu akwai limamai da fastoci, akwai 'yan sanda da jami'an kan iyaka, akwai lauyoyi da malaman asibiti da masu riƙe da sarauta. Ga abin da nake ba da shawara, in shugabanni sun amince.

Na ɗaya, mu fara da unguwa ɗaya a Birnin Kebbi da ɗaya a Argungu, mu zaunar da limamai da fastoci da mai unguwa da shugabannin mata da shugabannin direbobin tasha, mu gayyaci jami'an NAPTIP su yi musu bayanin doka da alamun da ake gane yaron da ake safararsa. Direba da ɗan kamasho sun fi kowa ganin mace ɗaya da yara biyar da ba su san sunanta ba.

Na biyu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 30 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da fataucin mutane. Mu roƙi malamanmu na addini cewa a wannan mako huɗubar Juma'a da wa'azin Lahadi su zama a kan magana ɗaya, kowa da hujjojin littafinsa.

Na uku, mu koya wa iyaye tambayoyin da za su yi kafin su saki ɗa: Wa zai riƙe shi, kuma a wane gari da wace unguwa? Wane aiki zai yi, nawa za a biya, a hannun wa? Akwai bashi, nawa ne, yaushe zai ƙare? Wa zai riƙe fasfo? Yaushe za mu ji muryarsa? Duk wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi, ko ya ce a rufa asiri kada maƙiya su ji, ya riga ya ba da amsa. A kuma sanar da mai unguwa kafin kowane yaro ya bar gida.

Na huɗu, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya don waɗanda suka dawo. Yarinyar da ta dawo hannu wofi, ana nuna ta da baki, ba mai aurenta, ba mai ba ta jari, ita ce ta fi sauƙin sake ɗauka, wani lokaci ma ita ke zama dillaliyar gobe. Keken ɗinki ɗaya da kuɗin makaranta na shekara ba su fi ƙarfinmu ba.

Na biyar, mu koma makarantarmu kowane zango mu yi magana da ɗaliban ajin ƙarshe. A zamaninmu dillali sai ya zo gida. Yau yana cikin wayar yaro, yana tallar aiki a Facebook da WhatsApp. A 2020 an kama wani mutum a Labanan bayan ya sa hoton wata 'yar Nijeriya mai aikin gida a Facebook yana neman mai saye a kan dala 1,000. Ya kamata ƙannenmu su ji wannan daga bakinmu.

Na shida, wanda ya fi wuya, kowannenmu ya dubi gidansa. Yarinyar da ke yi wa matanmu wanke-wanke, shekarunta nawa? Tana zuwa makaranta? Wa ke karɓar kuɗinta? Yaushe rabonta da ganin uwarta? Ba za mu iya tsayawa gaban jama'a da wannan magana ba sai mun amsa waɗannan a tsakaninmu da Allah.

KAMMALAWA

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa, talauci ba zai ƙare gobe ba, kuma iyakokinmu ba za su taɓa rufuwa ruf ba, ba ma fatan su rufu, domin danginmu na can. Mutane za su ci gaba da tafiya neman abinci kamar yadda kakanninmu suka yi cin rani. Abin da ke hannunmu shi ne kada a sayar da su a hanya. Sistocin Benin ba su fi mu kuɗi ko ilmi ba lokacin da suka fara. Sun dai yarda su ajiye bambancin ƙungiyoyinsu su riƙa ba juna labari. Ina roƙon wannan taro, kafin mu watse, ya naɗa mutum biyar, Musulmi da Kirista, maza da mata, su kawo mana rahoton zama na farko a taronmu mai zuwa. Ni na ba da sunana.

Malamanmu, kun koya mana cewa ilmin da bai amfani maƙwabci ba kaya ne kawai a ka. Muna roƙon ku ci gaba da sa mana albarka, ku kuma ja kunnenmu in mun yi sanyi. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya dawo da waɗanda ke hannun azzalumai gida lafiya, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.